Shagon da Hukuma Ta Ƙi Rufewa

Ranar da hukumar tarayya mai kula da bindigogi ta ƙwace lasin Lyle Hautala, garin Corliss duka ya yi jimami, amma babu wanda fuskarsa ta ɓaci kamar ta Orval Stensrud. Mun ɗauka tausayi ne, tunda Lyle ƙanin matarsa ne. Sai da aka kwana biyu muka gane mun ba shi lada a kan abin da bai yi ba.

Shagunan sayar da bindiga biyu ne a garinmu, a titi ɗaya, suna kallon juna. Na Orval ne ya riga zuwa duniya. A wurinsa Lyle ya koyi aikin tun yana saurayi, ya yi ta shara da goge mai, har ranar da ya tsallaka titi ya buɗe nasa. Ya sa talabijin da tukunyar kofi kyauta, rabin mafarautan gundumar suka bi shi. Orval bai taɓa cewa abin ya dame shi ba. Ya dai sake wa teburin aikinsa wuri yadda zai ba taga baya.

Abu ɗaya Orval yake taƙama da shi, wanda yake ganin babu mai iya tsallaka titi da shi, wato gabarsa da hukumar. Tun muna da baƙin gashi yake yaƙarta. Da wuya wata ya ƙare jaridar gunduma ba ta buga ra'ayinsa ba. Ya san dokar sashe-sashe, ya san inda ta yi karo da kanta. Kuma a faɗi gaskiya, gyaran da yake nema ba na mahaukaci ba ne. Cewa yake a bambanta kuskuren alƙalami da laifi, kuma in za a ƙwace lasin mutum, alƙali ya saurari maganar, ba ma'aikacin hukumar da ta kawo ƙarar ba. Kullum safiya a gidan abincin Maxine, a dogon teburin da ke kusa da murhu, da wannan karatu muke haɗiye kofi. Yakan ƙare da cewa wata rana za su zo masa. Yana faɗin haka da irin muryar da fasto ke maganar aljanna.

Da suka tashi zuwa, sai suka shiga shagon tsallake.

Laifin Lyle ba abin shiga tarihi ba ne. Lokacin farautar barewa, in layi ya yi tsawo, yakan miƙa wa mutum bindiga kafin amsar binciken da ake yi wa mai saye ta dawo daga tarayya, wai ai ya san uban yaron. Da aka ƙirga kayan shagon kuma, aka rasa wasu bindigogi da shi kansa bai san inda suka shiga ba. Ɗaya daga baya aka same ta a bayan firji tare da sandar kamun kifi. An yi masa gargaɗi a baya, ya ninke takardar ya toshe ƙafar wani tebur mai rawa.

Duk wannan bai hana motar gidan talabijin zuwa ba. Ta tsaya a titinmu, ta juya wa shagon Orval baya. Washegari muna teburin Maxine aka nuno Lyle a talabijin a tsaye gaban ƙofarsa da aka rufe, ya riƙe hula a ƙirji kamar a maƙabarta. 'Yar jaridar ta tambaye shi me yake nema.

"Ni dai abin da na daɗe ina faɗa ke nan," in ji Lyle, "a bambanta kuskuren alƙalami da laifi."

Gus Tollefson, tsohon direban jirgin ƙasa da ba a taɓa kama shi yana sulhu ba, ya juyo a hankali.

"Orval, ashe ƙanin naka yana taɓa karatu."

"Ko umarnin da ke jikin gwangwanin wake bai taɓa karantawa ba."

"To kunne gare shi. Ka ji yadda ta fito a bakinsa kuwa? Sumul. Kai in ka faɗa kamar kana jawo tirela a hawa."

Orval ya ce shi ba ruwansa da wanda ya faɗa, muddin saƙon ya isa. Ya maimaita hakan sau da dama a wannan makon, ba tare da an tambaye shi ba.

Al'adar garinmu ce in gidan mutum ya ƙone ko ciwo mai tsada ya kama shi, a yi masa kalacin fanke a zauren 'yan kwana-kwana, kowa ya zo ya ci ya jefa abin da ya samu. Ba a taɓa yi wa mutum don ya rasa lasin ba, amma aka yi wa Lyle. Mutane suka zo daga gundumomi uku, a-kori-kura har bakin gada. Aka buga huluna masu ɗauke da sunansa. Verna, matar Orval, wadda a tsawon aurensu ba ta taɓa karanta rubutun mijinta har ƙarshe ba, ita ce a gaban kasko tana juya fanke, da hular ƙaninta a kanta.

Aka kuma sa bindigar farauta a ƙuri'a, kamar yadda aka saba. Sai dai doka ta ce wanda ya ci ba zai karɓe ta ba sai ta hannun mai lasin, kuma mai lasin ɗaya ya rage a garin. Saboda haka Orval ya zauna a ɗan tebur kusa da ƙofar banɗaki, da tabarau a kan hanci, yana cika takardun hukumar da ya fi tsana a duniya domin taimakon mutumin da ake ta wa tafi a can gaba. Ya cika su tsaf. Ba ya iya yin akasin haka.

A wurin wannan kalacin ne mataimakin ɗan majalisarmu ya hau kan benci ya ba da sanarwa. Kwamitin majalisa a Washington zai zauna ya saurari shaidu kan yi wa hukumar gyara, kuma daga jihar Montana kaf mai shago ɗaya za a kira. Bai ƙarasa faɗin sunan Lyle ba zauren ya ɗauka. Na kalli Orval. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya ci gaba da rubutu.

Ciniki kuwa ya dawo masa gaba ɗaya, tunda babu wani wurin zuwa. Wani zai yi murna. Amma duk wanda ya shigo sayen harsashi sai ya jingina da kanta ya ce, "Yaya jarumin namu?" Wasu har su ba shi saƙon gaisuwa.

Matata da Verna ƙawaye ne tun makaranta, saboda haka abin da aka faɗa a kicin ɗin Stensrud ba ya daɗewa bai iso namu ba. Ta nan na ji cewa Orval ya ajiye cokali wata rana ya ce, "Ni me na yi musu da ba za su zo mini ba?"

Verna ta ce, "Ka ji tsoron Allah, tsoho. Yaron nan ya rasa sana'arsa."

"Ya rasa sana'ar da bai iya ba, ya samu wadda ni na koya masa."

"Wace ce ita?"

Ya ɗauki cokalinsa ya ci gaba da cin abinci.

Don ya jawo hankalin hukumar, ya fara da allo. Ya kafa babba a saman ƙofa yana gaya wa ma'aikatan tarayya abin da yake tunani game da su da iyayen gidansu. Babu wanda ya gani sai mu, mu kuma mun riga mun sani. Ya aika wa jarida rubutu mafi zafi a rayuwarsa, aka buga a shafin ciki, ƙarƙashin hoton Lyle yana karɓar kek daga matan coci. Daga ƙarshe ya ɗauki waya ya kira ofishin hukumar na yanki, ya tambaye su ko sun san rabonsu da shagonsa, ko kuwa albashi kawai suke ci. Wanda ya ɗauka ya ba shi haƙuri. Ya ce masu bincike kaɗan ne, jihar kuma da faɗi, amma tunda ya nema za a duba.

Aka sa masa rana a farkon sanyi. Orval ya shirya mata kamar ɗaurin aure. Ya gayyace ni da Gus mu zama shaidu, ya kira mai ɗaukar hoton jarida, ya yi aski. Ya kuma san cewa ba a ƙwace lasin mutum haka kawai, saboda haka ana jibi za a zo ya zare wata tsohuwar bindigar harbin agwagwa daga maratayi, ya kai ta gida ya tura ƙarƙashin gado, don a ƙirga a ga ɗaya ta ɓata.

Sai dai Orval yana da tsari. Kowace bindiga a shagonsa da gurbinta, da ɗan katinta ɗaure a wuya da zare, ƙullin iri ɗaya, duk suna kallon gefe ɗaya. Ya dawo ya zauna, gurbin nan yana kallonsa kamar wawulo a bakin amarya. Ya matsar da maƙwabtanta su rufe wurin, abin ya ƙara muni. Kafin la'asar ya rufe shago ya koma gida ya ɗauko ta. Verna ta ce har haƙuri ta ji yana ba bindigar a mota.

Ranar binciken muka zauna a kujerun da ya jera mana. Gus ya ce shi yana sa ran motoci baƙaƙe da mutane masu sulke. Sai ga wata ƙaramar mota mai laka ta tsaya, wata mata mai furfura ta fito da jaka da gorar shayi. Ko wuƙar yanka albasa ba ta ɗauke da ita. Ta ce sunanta Joyce Arrieta, ta goge ƙafa a bakin ƙofa, ta ɗaga kai ta karanta allon.

"Wannan da mu ake?"

"Da ku ake, Madam."

"Rubutun ya yi kyau. Kai ka yi da hannu?"

Mai ɗaukar hoto ya jira har azahar ko za a yi wani abu, sannan ya tuna ana wasan ƙwallo a makarantar sakandare.

Orval ya bi ta daga maratayi zuwa maratayi yana yi mata karatun teburin Maxine. Ita kuwa tana juya katuna tana dubawa, tana cewa to. Da ya zo kan maganar alƙali, sai ta tsaya.

"Rabin abin da kake faɗa, Mista Stensrud, mu ma muna faɗa a ofis. Mu dai ba a buga mana a jarida."

"Ban nemi ki yarda da ni ba."

"To yi haƙuri."

Ta yi niyyar kwana uku, ta gama a rana ta biyu kafin abincin rana. Ta rufe jaka ta ce tun da ta fara aikin nan ba ta taɓa shiga shago irin wannan ba. Ta roƙi izini ta ɗauki hoton maratayin da katunan, don a riƙa nuna wa sababbin ma'aikata yadda ake so abu ya kasance. Orval ya tsaya kamar wanda likita ya gaya wa labari marar daɗi.

"Ko kuskure ɗaya?"

"Na nema, wallahi. Akwai wani wuri da na ɗauka ka tsallake kwanan wata, ashe tabarau ɗina ne."

Gus ya riƙe dariyarsa har ta tada mota, abin da ya kamata a rubuta masa a cikin ayyukan alheri. Washegari kuwa kafin Orval ya zauna, duk teburin ya san labari. Aka raɗa masa ɗan lelen tarayya. Maxine ta tambaye shi ko yanzu sai ta riƙa sa masa kofi a kofin baƙi.

Ranar Lahadi bayan coci Verna ta gayyace mu cin abinci, ta gasa naman barewa da dankali. Lyle ya zo da sabon kwat da ƙungiyar masu shaguna ta saya masa don tafiyar. Ya zauna a kujerar da ke fuskantar Orval, ya ci, ya ƙara, sannan ya goge baki.

"Babban yaya, wata alfarma nake nema."

"Ina ji."

"Sun ce minti biyar zan yi ina magana. Ni abin da na sani bai fi na numfashi biyu ba, kuma na riga na ƙarar da shi a talabijin. Ka san kai ne mai kan nan. Ka ɗan tsara mini, irin yadda kake yi, da sassan doka da komai."

"Ka gaya musu inda aka samu bindigar nan. Bayan firji. Zai ci minti biyu."

"Haba yaya. Ai ciwon ɗaya ne. In na yi magana kamar kai ka yi."

"Kamar ni na yi."

"Sosai. Zan ma ambace ka in lokaci ya rage."

Verna ta ce, "Ka taimaka masa mana, Orval. Me za ka yi da tarin takardun nan? Ga shi Allah ya kawo mai kai su inda za a ji."

Ba da mugunta ta faɗa ba, shi ya sa ta shiga sosai. Orval ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da tsofaffin rubuce-rubucensa na jarida, ya dire su kusa da farantin Lyle. Ya ce ya zaɓi wanda ya ga dama, in ya haɗu da kalma mai tsawo ya tambayi Verna. Lyle ya yi godiya da zuciya ɗaya. Abin da ya fi ɓata rai game da Lyle ke nan, bai taɓa sanin ana gaba da shi ba.

Ina shagon ranar da wayar ta zo, na kai masa bindigata ya duba mini kunamarta. Orval kunnensa ya fara nauyi, yakan sa waya a lasifika, saboda haka na ji komai. Wata matashiya ce, ma'aikaciyar kwamitin majalisa, amma ta ɗaya ɓangaren, wato masu cewa gyaran da hukumar ke buƙata shi ne a ƙara mata ma'aikata da ƙarfi. Ta ce su ma an ba su damar kawo shaida ɗaya. Sun tambaya ko akwai mai shagon da zai nuna cewa ana iya bin doka a zauna lafiya, aka ba su sunansa.

Orval ya yi mata abin da ya saba. Ya gaya mata ko shi wane ne, da shekarun da ya yi yana yaƙar mutanen da take so ya yaba, da abin da kakansa zai yi in ya ji wannan magana a kabari. Ta saurara da ladabi. Ta ce ta fahimta, ta gode, za su nemi wani.

"Tsaya tukuna, 'yata. Wannan zaman, shi ne wanda Hautala zai je?"

"Shi ne, Mista Stensrud."

"Rana ɗaya?"

"Tebur ɗaya ma. Shaidu duka a jere suke zama."

Ya ɗauki wani ɗan tsumma ya goge kantar da ba ta da ƙura.

"Wa ke fara magana?"

"Shaidun masu rinjaye a majalisa. Namu shi ne na ƙarshe, ka yi haƙuri, haka tsarin yake."

"Wato sai ya gama, sannan ni."

"Haka ne."

"In na gama kuma ba ya da damar ba ni amsa."

"Sai dai in wani ɗan majalisa ya tambaye shi."

Orval ya ce ta ba shi zuwa gobe. Da ya kashe wayar na ce masa ya san dai garin da yake zaune. Ya ce ai ba yabon kowa zai je yi ba. Zai karɓi kujerarsu ne ya faɗi nasa, gyaran gaskiya, daga bakin mai shi, ba daga bakin aku ba. Na ce to. Ya gyara mini kunamar, ya ƙi karɓar ko sisi, abin da bai taɓa yi ba.

Verna ta gaya masa a fili cewa in ya je ya kunyata ƙaninta a gaban duniya, ya dawo ya iya dafa wa kansa. Ya ce mata maganar ƙasa ake yi, ba ta dangi ba. Jirgi ɗaya suka hau da Lyle daga birnin Billings. Lyle ya ɗauka rakiya ce aka yi masa, sai da suka sauka ya ga wata mota daban ta zo ɗaukar surukinsa.

Ranar zaman Maxine ta ƙara kujeru, ta ɗaga muryar talabijin. Aka nuno su a jere, kowa da sunansa a gabansa. Lyle ya yi kyau a kwat ɗin. Ya karanta rubutun Orval, wanda ya yi a shekarar da aka yi babbar gobarar daji, ya yi tuntuɓe a wuri biyu, muryarsa ta karye daidai inda ya kamata. Shugaban kwamitin ya ce a duk shekarunsa bai taɓa jin ɗan ƙasa ya fayyace matsalar haka ba. Ya ce wannan magana ta fito ne daga mutumin da ya sha wuya, ba daga littafi ba. Kyamara ta ɗan zame gefe, muka ga Orval yana kallon sama.

Da aka zo kansa ya buɗe takardarsa, ya duba. Duk abin da ke ciki an riga an faɗa, an kuma yi masa tafi. Ya fara karantawa duk da haka, da muryar nan tasa mai jan tirela. 'Yan majalisa suka koma duba waya. Wani ya tashi ya fita. Minti biyar ɗinsa suka wuce kamar sanarwar yanayi.

Sai wata 'yar majalisa daga ɓangaren da ya gayyato shi ta matso da makirufo.

"Tambaya ɗaya, Mista Stensrud. Gari ɗaya kuke da Mista Hautala, titi ɗaya, doka ɗaya. Shi ya ce dokar ba ta biyuwa. Kai a ganinka tana da wuyar bi?"

Na san amsar Orval ga wannan tambaya. Duk wanda ke gidan Maxine ya san ta, za mu iya rera ta tare. Orval ya juya ya kalli Lyle, wanda ke yi masa murmushin ƙarfafa gwiwa.

"Ba ta da wuya, ranki ya daɗe. Sai ga malalaci."

Wayoyin 'yan majalisa suka sauka. Orval ya ga sun sauka. Daga nan kuma babu mai iya tsayar da shi. Ya ba su labarin firji da sandar kamun kifi. Ya ba su labarin tebur mai rawa. Ya ce shi ya koya wa yaron aiki, kuma tun a lokacin in ka aike shi ya ƙirga kwali goma sai ya dawo da tara da labari. Ya ce jawabin da aka yaba ɗazu ma a kicin ɗinsa aka karɓe shi, kusa da kwanon dankali. Aka yi dariya a zauren majalisar. Bai taɓa magana da daɗin ji haka ba, ko tuntuɓe ɗaya babu. Shugaban kwamiti ya yi ta buga guduma.

A gidan Maxine babu wanda ya yi dariya. Gus ma, da aka kawo masa irin abincinsa har gida, ko murmushi bai yi ba. Can ya ce, "To. Ya dai je Washington."

Kafin su sauka daga jirgi, guntun bidiyon ya zaga ƙasa. Masu neman a ƙara wa hukumar ƙarfi suka sa shi a tallarsu. Maganar alƙali da kuskuren alƙalami kuwa babu wanda ya sake tada ta, kwamitin ya tashi bai yanke komai ba.

Orval ya dawo ya tarar da gida babu kowa. Verna ta koma wurin ƙaninta, wai har sai ya samu natsuwa, ba ta dai ce wane ne zai samu natsuwar ba. Ƙungiyar masu shaguna ta cire sunansa. Mafarauta suka gwammace su yi tafiyar rabin yini zuwa wata gunduma su sayi harsashi. Wani ya watsa wa tagarsa jan fenti. Jaridar gunduma ta ba shi shafin farko mako biyu a jere, da wasiƙun masu karatu har shafi na huɗu, babu mai daɗi ko ɗaya. A coci aka bar masa benci guda shi kaɗai. Teburin Maxine bai kore shi ba, kujerarsa ce dai aka mayar kicin ana ɗora buhun dankali.

Na bar ƙura ta lafa kaɗan sannan na leƙa shi wata safiya. Dusar ƙanƙara ta rufe bakin ƙofar, babu sawun kowa sai nasa. Yana zaune a teburin aiki da magagari a hannu, ya rame, rigar ba guga. Bindigogin suna jere, katunansu na kallon gefe ɗaya. Na tambaye shi Verna, ya ce tana lafiya, ya hango ta a kanti. Na tambaye shi ciniki, ya ce sanyi ne.

"Daga wurin Maxine kake?"

"Daga can nake."

"Me ake cewa?"

"Zaginka ake yi, Orval. Tun da aka buɗe. Gus ya ce ko a jana'izarka sai ya zauna a baya."

"Dukansu?"

"Har da mutanen da ban san su ba. Wani direban babbar mota ya tsaya musamman ya tambaya wanne ne shagon."

Ya hura ƙarfen da ke hannunsa, ya ɗaga shi wajen haske.

"Lyle yana wurin?"

"Yana nan, a ƙarshen tebur."

"Me ya ce?"

"Babu wanda ya tambaye shi komai. Ya so ya ba da labarin otal ɗin da aka sauke shi, aka ce ya bari tukuna ana magana."

Orval ya gyaɗa kai a hankali. Ya mayar da magagari kan ƙarfen, ya ci gaba da gogawa.

"Gobe ma in ka tashi daga can, ka biyo ta nan."